Takardar 'Ya'yan Masu Zuwan Farko: Daga Jirgin Mayflower Zuwa Diwanin Sayyidina Umar

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Shimfiɗa

Bayan haka, 'yan uwa masu ziyartar wannan shafi, kwanakin baya wani tsohon ɗalibina na Islamiyya da yanzu yake karatu a Amurka ya aiko mini da hoton wata takarda da ya gani rataye a falon dattijuwar da yake haya a gidanta. An yi wa takardar firam, da hatimi a ƙasanta. Abin da ta ƙunsa shi ne shaidar cewa matar nan jikanya ce ga wani mutum da ya sauka a ƙasar a shekarar 1620. Ɗalibin ya ce: "Malam, wannan ba ita ce irin shajarar nasabar da kuka koya mana ba? In ita ce, don me na ji ba daɗi da na gan ta?"

Na san dalilin rashin jin daɗinsa. Shekarun baya, lokacin da yake neman gurbin jami'a a nan gida, ya yi ta zarya sakatariyar ƙaramar hukumar garin da aka haife shi, aka haifi mahaifinsa, aka kuma binne kakansa, amma aka ce ba za a ba shi takardar shaidar ɗan asali ba, sai dai ya koma "garinsu". Garin nan kuwa bai taɓa kwana a cikinsa ba. Saboda haka na ga ya dace amsar ta zama ta kowa, mu bi tarihin irin wannan takarda a inda ta fi shahara, sannan mu waiwayo tarihin Musulunci mu ga yadda magabata suka yi da wannan mas'ala, tunda waiwaye adon tafiya ne.

Yadda takardar take

A Amurka kusan kowace jiha tana da ƙungiyar masu binciken nasaba, kuma da yawansu suna bayar da takardar shaida ga wanda ya tabbatar kakansa yana cikin mazaunan farko. Kowace ƙungiya tana da ranar da ta ja layi a kai. A jihar Ohio sharaɗin shi ne kakan ya zauna a jihar kafin ƙarshen shekarar 1820. A Tennessee sai ya kasance yana wurin kafin ta zama jiha a 1796. A Florida ranar ita ce 3 ga Maris 1845, a Texas kuma 19 ga Fabrairu 1846. Wanda kakansa ya iso kwana ɗaya bayan ranar, ya makara, ko da kuwa a hanya ɗaya suka sha wahala da wanda ya riga shi.

Ba a karɓar "na ji kakata tana cewa". Mai nema zai fara da kansa, ya kawo takardar haihuwarsa da ta nuna sunan iyayensa, sai takardar aurensu, sai ta haihuwarsu ko ta rasuwarsu, haka zai yi ta hawa, uba bayan uba ko uwa bayan uwa, har ya isa ga mutumin da yake da'awa. Inda takardun hukuma suka ƙare sai a koma ga wasiyya, da takardar cinikin fili, da rajistar coci, da littafin ƙidayar jama'a, da rubutun da ke jikin dutsen kabari. Akwai mai tantancewa da zai bi kowane hawa, in ya sami guda ɗaya da babu hujja sai ya mayar da takardun. Ɗalibin ilmin hadisi zai ga kamannin nan take: isnadi ne, kuma yankewar mutum ɗaya a tsakiya tana raunana shi duka. Wannan ɓangare abin yabo ne, kuma adalci ne a faɗa. Ta dalilin waɗannan ƙungiyoyi an tsirar da ɗimbin rajistoci daga lalacewa, an gyara maƙabartu, an kuma rushe da'awowin ƙarya masu yawa.

Jirgin shekarar 1620

Mafi shahara cikin waɗannan takardu ita ce ta ƙungiyar jikokin fasinjojin Mayflower, wadda ɗalibina ya gani. Mayflower jirgin ruwa ne da ya tashi daga Plymouth ta ƙasar Ingila a watan Satumba 1620 ɗauke da fasinja 102. Wasu daga cikinsu Kiristoci ne da suka ɓalle daga cocin gwamnatin Ingila, suka yi zaman gudun hijira a birnin Leiden na ƙasar Holan, sauran kuwa masu neman arziki ne da barori. Bayan kwana 66 a teku suka isa gaɓar da yau take cikin jihar Massachusetts. Kafin su sauka maza 41 suka sa hannu a wata yarjejeniya ta yadda za su mulki kansu. Sun iso a bakin hunturu ba tare da matsuguni ba, kafin bazara kusan rabinsu sun mutu saboda sanyi da cuta da ƙarancin abinci.

Abin da ya sa ake iya bin nasabarsu har yau shi ne gwamnansu William Bradford ya rubuta tarihin zamansu, ya kuma jera sunayen fasinjojin gida-gida, sannan bayan kimanin shekara 30 ya koma ya rubuta wanda ya mutu, da wanda ya yi aure, da yawan 'ya'yan da kowa ya bari. Littafin ya ɓace lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka, sai a 1855 aka gano shi a ɗakin karatun babban limamin cocin Landan, aka buga shi a 1856, aka mayar da ainihin rubutun Massachusetts a 1897. A wannan shekara ta 1897 ce aka kafa babbar ƙungiyar jikokin a garin Plymouth na Amurka. Daga baya ƙungiyar ta wallafa jerin littattafai da suka tantance hawa biyar na farko na zuriyar fasinjojin, ta yadda mai nema aikinsa shi ne ya haɗa kansa da wani suna da ke ciki.

A nan mai karatu ya ɗan yi lissafi tare da ni. Kowane mutum yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8, haka lissafin yake ninkawa. In aka ƙaddara kowane hawa shekara 30 ne, to shekara 400 ta kai hawa 13, kuma a hawa na 13 akwai gurbin kakanni 8,192. Takardar da ke bango sunan mutum ɗaya ta ɗauka cikin waɗannan, ta yi shiru a kan sauran. Ita kanta ƙungiyar tana ƙiyasta cewa jikokin fasinjojin sun kai kimanin miliyan 35 a duniya, mafi yawansu ba su ma sani ba. Ashe ke nan jinin ba shi ne abu mai wuyar samu ba. Takardun da za su tabbatar da shi su ne masu wuya, kuma ba kowane gida tarihi ya bari ya ajiye takarda ba.

Don me sai bayan shekara 277?

Tambayar da ya kamata ɗalibin tarihi ya yi ita ce: mutanen nan sun sauka a 1620, me ya sa jikokinsu ba su ji buƙatar takarda ba sai a 1897? Amsar tana cikin abin da ke faruwa a Amurka a lokacin. Bikin cika shekara 100 da samun 'yanci a 1876 ya tayar da sha'awar tarihin kakanni. Amma a daidai lokacin kuma jiragen ruwa suna ta sauke miliyoyin sababbin baƙi daga Italiya da Folan da Rasha, mafi yawansu 'yan Katolika da Yahudawa, talakawa, masu wani harshe da wata al'ada. A 1892 aka buɗe tashar tantance baƙi ta tsibirin Ellis a New York, wadda sama da mutum miliyan 12 suka bi ta cikinta kafin a rufe ta a 1954.

A cikin waɗannan shekaru ne ƙungiyoyin nasaba suka yi ta ɓullowa kamar tsiron farkon damina: ta 'ya'ya maza na mayaƙan juyin juya halin Amurka a 1889, ta 'ya'ya mata a 1890, ta jikokin Mayflower a 1897, da wasu da dama. Tsofaffin gidaje sun ga garuruwansu sun cika da baƙin fuskoki, wasu baƙin ma sun fara fin su kuɗi, sai suka nemi abu guda da kuɗi ba ya saye, wato riga zuwa. Wannan ruhi bai tsaya a bangon falo ba. A 1924 majalisar Amurka ta yi dokar shige da fice da ta raba wa ƙasashe kaso bisa ƙidayar 1890, da gangan, domin a rage masu zuwa daga kudanci da gabashin Turai. A 1939 kuma ƙungiyar 'ya'ya matan ta hana mawaƙiya baƙar fata Marian Anderson amfani da zaurenta a Washington, abin da ya sa matar shugaban ƙasa, Eleanor Roosevelt, ta fice daga ƙungiyar. Sai a 1977 aka san baƙar fata ta farko da ta shiga cikinta a wannan zamani. Yau ƙungiyar ta sauya, har ta tattara sunayen dubban baƙaƙe da 'yan asalin ƙasar da suka yi yaƙin 'yanci, amma tarihin farkonta yana nan a rubuce.

Waɗanda takardar ba ta gani ba

Kalmar "na farko" ita ce inda gizo yake saƙa. Mutanen Mayflower ba su ne Turawan farko ba ma: Sifaniyawa sun kafa St. Augustine a Florida tun 1565, Ingilishi sun kafa Jamestown a 1607. Balle kuma ƙasar ba kango suka tarar ba. Wurin da suka gina Plymouth gari ne na ƙabilar Wampanoag mai suna Patuxet, wanda annobar da ta biyo jiragen Turawa ta share mutanensa tsakanin 1616 da 1619. Gonakin da suka shuka an riga an share su, irin masarar da suka fara shukawa kuwa a rumbunan ƙasa na mutanen yankin suka tono shi. Wanda ya koya musu noman masara da takin kifi, Tisquantum, ɗan Patuxet ne da wani matuƙin jirgi Bature ya sace a 1614 ya kai shi Sifen don sayarwa, ya dawo a 1619 ya tarar garinsu babu kowa. Sarkin Wampanoag, Massasoit, ya ƙulla amana da baƙin a watan Maris 1621. Shekara 54 bayan haka yaƙi ya ɓarke tsakanin 'ya'yan baƙin da ɗansa Metacom. Aka kashe shi a 1676, aka kafe kansa a kan sanda a Plymouth shekaru masu yawa, aka sayar da ɗansa ƙarami bawa zuwa ƙetare.

Ga abin da ya fi ɗaure kai. Jikokin waɗanda suka tari jirgin su ma an nemi su kawo takarda. A 1978 wata kotu ta yanke cewa Wampanoag na garin Mashpee ba su tabbatar da cewa sun ci gaba da zama ƙabila ba, suka rasa shari'ar filinsu. Sai a 2007 gwamnatin tarayyar Amurka ta amince da su a matsayin ƙabila, bayan sun shafe sama da shekara 30 suna tara hujjojin nasaba daga rajistocin da jikokin baƙinsu suka rubuta. Mai gida ya zama shi ake tambaya shaidar cewa gidan nasa ne.

Sai kuma 'yan Afirka. Shekara guda kafin Mayflower, a 1619, an sauke bayi 'yan Afirka ashirin da 'yan kai a gaɓar Virginia. In riga zuwa ne ma'auni, sun riga. Amma bawa ba a rubuta aurensa a hukumance, ana iya sayar da ɗa a raba shi da uwarsa, ana sauya masa suna. A ƙidayar 1850 da ta 1860 an lissafa bayi ne ƙarƙashin sunan mai su, da shekaru da jinsi da launi, babu suna. Sai a ƙidayar 1870 mafi yawansu suka fara bayyana da sunayensu. Saboda haka baƙar fatan Amurka da ke bin nasabarsa yakan ci karo da bango a 1870. Cikin waɗannan bayi akwai Musulmin Afirka ta Yamma masu nasaba a haddace. Ayuba ɗan Sulaimanu ɗan Ibrahimu, Bafillace daga Bundu a ƙasar Senegal ta yau, an kama shi wajen 1731 aka kai shi gonar taba a Maryland. Wasiƙar da ya rubuta wa mahaifinsa da Larabci ce ta zama sanadin 'yancinsa, ya koma gida a 1734. Umaru ɗan Sa'idu na Futa Toro an kai shi a 1807, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831, ya mutu yana bawa. Waɗannan mun san su ne domin sun iya alƙalami. Dubbai irinsu an yanke isnadinsu, kuma ba laifin jikokinsu ba ne da babu takarda a bangonsu.

A ƙasar Ostareliya kuma abin ya zo da wata fuska. Jirage 11 da suka isa can a 1788 fursunoni sama da 700 suka ɗauko daga Ingila. Fiye da ƙarni guda iyalai suna ɓoye cewa kakansu ɗaurarre ne, abin kunya ne a wurinsu. A 1968 aka kafa ƙungiyar jikokin waɗannan jirage, yau kuma mutane alfahari suke yi da abin da kakanninsu suka ɓoye. Mamacin yana nan yadda yake, abin da masu rai suke so daga gare shi ne ya sauya.

Mu ma mun taɓa jan wannan layi

Kada mai karatu ya ɗauka wannan matsalar Turawa ce kawai. Al'ummar Musulmi ta fuskanci tambayar "wa ya riga zuwa, me kuma ya cancanta?" tun zamanin Sahabbai, Allah Ya ƙara musu yarda. Sayyidina Abubakar ya kasance yana raba dukiyar baitulmali daidai wa daida. Da aka yi masa maganar fifita waɗanda suka riga shiga Musulunci, sai ya nuna cewa ladan rigayensu yana wurin Allah, abin masarufi kuwa daidaitawa a cikinsa ta fi. Sayyidina Umar ya yi wani ijtihadin. Da dukiya ta yawaita bayan buɗe Iraƙi da Sham, ya kafa diwani, wato rajistar masu karɓar albashin shekara, ya sa masana nasabar Ƙuraishawa uku, Aƙilu ɗan Abu Ɗalib da Makhrama ɗan Naufal da Jubairu ɗan Muɗ'im, su jera mutane. Ya fara da dangin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ƙi yarda a gabatar da danginsa Banu Adiyy don shi ne halifa. Mutanen Badar ya yanka musu dirhami 5,000, na bayansu kuma ƙasa da haka, mataki-mataki.

A lura da abu guda. Rigayen da Umar ya auna na aiki ne, aikin da mutum ya yi da kansa. Shi ya sa Bilalu, 'yantaccen bawa, ya tsaya a sahun mutanen Badar, gaba da manyan Makka da suka musulunta daga baya. Shi ya sa ya ba Usama ɗan Zaidu fiye da abin da ya ba ɗansa Abdullahi, alhali mahaifin Usama 'yantacce ne, mahaifiyarsa kuma Bahabashiya. Duk da haka an ruwaito cewa a ƙarshen rayuwarsa ya yi niyyar daidaita mutane in ya yi tsawon rai, kuma Sayyidina Aliyu da ya zama halifa ya koma ga rabon daidai.

Inda tsarin ya fi kama da labarinmu shi ne a sababbin biranen sansani. An kafa Kufa a shekara ta 17 bayan Hijira, wato 638. Waɗanda suka halarci yaƙin Ƙadisiyya suna karɓar dirhami 2,000, waɗanda suka biyo baya, da ake kira rawadif, suna karɓar daga 1,000 zuwa ƙasa har 200, gwargwadon makararsu. Da shekaru suka ja, 'ya'yan masu zuwan farko suka ɗauki matsayin a matsayin gado, masu zuwa baya suka fi su yawa, kuma tare ake fita yaƙi. Malaman tarihi suna lissafa wannan tsamin dangantaka cikin abubuwan da suka hana Kufa zama lafiya a shekarun fitina. Uba an yaba masa ne a kan aikinsa, ɗa kuwa ya riƙe yabon ya kafa shinge da shi.

Haka batun sharifai. Tun zamanin Abbasiyawa akwai muƙamin naƙibin sharifai, mai riƙe da rajistar zuriyar gidan Annabi. Imam Mawardi, wanda ya rasu a 450 bayan Hijira, ya jera ayyukansa a littafinsa Al-Ahkamus Sulɗaniyya: ya rubuta haihuwa da mutuwa, ya hana wanda ba na ciki ba shiga, ya hana na ciki fita. Amma cikin ayyukan har da hana sharifan yi wa talakawa ɗagawa ko zalunci da sunan nasabarsu. Mai riƙe da rajistar shi ne kuma mai tsawatarwa. A 773 bayan Hijira sarkin Misira Ashraf Sha'aban ya umarci sharifai su sa koriyar alama a rawani. A daular Usmaniyya naƙibi yana ba da takardar shaida, kuma da yake takardar tana sauke wa mutum wasu haraji, sai sharifan jabu suka yawaita, har a ƙarni na 17 aka riƙa aika masu bincike larduna suna tantancewa. Duk inda takardar nasaba ta zama hanyar abinci, ƙarya za ta biyo ta.

Ma'aunin shari'a

Musulunci bai wulaƙanta nasaba ba. Kiyaye ta yana cikin manyan manufofin shari'a, da ita ake sanin magada, da muharramai, da waliyyin aure, da wanda ciyarwa ta wajaba a kansa. Hadisi ya kwaɗaitar da mu koyi nasabarmu gwargwadon abin da za mu sada zumunci da shi, wani kuma ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya jingina kansa ga wanda ba mahaifinsa ba yana sane. Saboda haka binciken dattijuwar nan a kan kakanninta ba abin zargi ba ne, mu ne ma ya kamata mu ji kunya, da yawanmu ba za su iya ambaton kakan kakansu ba.

Iyakar tana wurin amfanin da aka yi da sanin. Aya ta 13 a Suratul Hujurat ta bayyana hikimar rarrabuwar mutane zuwa dangogi, wato sanin juna, ta kuma ɗora fifiko a kan taƙawa. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Sahihu Muslim ya koyar da cewa nasaba ba ta ɗaukar wanda aikinsa ya bar shi a baya. Madina kanta gari ce da baƙi suka shigo, masu gida suka tarbe su aka ƙulla musu 'yan uwantaka, kuma Alƙur'ani a Suratul Hashri ya yabi Muhajirai, ya yabi Ansaru, sannan ya ba masu zuwa bayansu nasu gurbin. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya lura cewa ɗaukakar gida ba ta cika wuce hawa huɗu ba: na farko ya gina da wahala, na biyu ya gani da idonsa ya koya, na uku ya kwaikwaya, na huɗu ya zaci girman a jininsa yake, sai ya rushe.

Komawa gida

Takardar bangon dattijuwar Amurka yau ba ta ba ta aiki, ba ta hana maƙwabcinta makaranta. Ado ce da abin hira. Tamu ta shaidar ɗan asali kuwa da ita ake neman gurbin jami'a, da aikin gwamnati, da shiga soja ko ɗan sanda, da tallafin karatu. Tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci a sashe na 42, amma a sashe na 147 ya wajabta a naɗa minista ɗan asali daga kowace jiha, bai kuma fayyace shekara nawa ko hawa nawa ke mayar da mazauni ɗan asali ba. An bar abin a hannun ƙananan hukumomi. Rikicin wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, yana cikin tushen jinin da aka zubar a Jos a 2001 da 2008 da 2010. Kuma kada mu ga na wasu mu manta namu: akwai Ibo da Yarbawa da aka haifi iyayensu a unguwannin Sabon Gari na biranen Arewa, waɗanda su ma ake nuna musu hanyar "garinsu".

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, amma wanda ya binne kakansa a gari ya wuce raɓa. Tarihinmu ma shaida ne. Wangarawan da suka shigo Kano daga Mali zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14 baƙi ne, zuriyar Shehu Magili da suka zauna zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15 baƙi ne, yau kuwa wa zai ce mutanen Madabo ko Sharifai ba Kanawa ba ne? Da an ja musu layi a ranar da suka iso, da birnin ya yi asarar malamansa.

Kammalawa

Amsata ga ɗalibina ita ce: ƙwarai, takardar da ka gani 'yar uwar shajarar nasaba ce, kuma isnadinta yana iya zama ingantacce. Amma ranar da aka ja layi a kanta mutane ne suka zaɓa, a wani zamani, saboda wata buƙata tasu. Duk sanda aka nuna maka irinta, ka tambaya: wa ya ja layin, wa ya rage a waje, me kuma ake hana shi saboda haka?

Shawarata ga matasa masu karanta wannan shafi, ku je wurin tsofaffin gidajenku tun suna raye, ku ɗauki littafi da biro ko wayar hannu, ku rubuta sunayen kakanni na wajen uba da na wajen uwa, da garuruwan da suka taso, da sana'arsu, mai daɗin ji da marar daɗi, kada ku ƙara kada ku rage. In kun gama ku nemi dangin da kuka gano ku ziyarce su, ku yi wa mamatan addu'a da sunayensu. Wanda kuma Allah Ya ɗora a kan kujerar sa hannu a irin waɗannan takardu, ya tuna akwai ranar da ba za a tambayi kowa yaushe kakansa ya iso ba.

Abin da na yi daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga ni ne, kuma ƙofar gyara a buɗe take. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu fi su aiki ko mu kama ƙafarsu.